Kibiyar linzami tana sauya kama daga taga zuwa taga a Linux: ina ne ainihin wurin gyara?

Habibu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana a kan kibiyar linzamin kwamfutata. Ina amfani da Linux na dangin Debian a kan X11, wato tsohon tsarin nuna tagogi a allo, da manajan tagogi i3, ba tare da cikakken teburin aiki irin GNOME ko Plasma ba. Na sauko da salon kibiya mai suna Bibata-Modern-Ice, wanda fari ne, na warware shi a cikin foldar ~/.icons, sannan na rubuta sunansa a layin gtk-cursor-theme-name na fayil ɗin ~/.config/gtk-3.0/settings.ini, na kuma sa girmansa 32 a layin gtk-cursor-theme-size.

A cikin manajan fayiloli da editan rubutu farar kibiyar tana fitowa yadda nake so, amma da zarar na tsallaka da ita zuwa filin allo inda babu taga, ko kan sandar da ke ƙasa, sai ta koma baƙa ta kuma ƙanƙance. A manhajar kallon bidiyo ma baƙa ce, haka a burauzar da na saka ta hanyar Flatpak, haka kuma a allon da ake rubuta kalmar sirri kafin a shiga. Allona 1920 sau 1080 ne. Shin akwai wuri guda da mutum zai rubuta sunan salon, kowace manhaja ta bi?

Nasiru:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Amsar tambayarka ta ƙarshe ita ce babu, kuma daga nan matsalar ta samo asali. Mutane da yawa suna zaton tsarin ne yake zana kibiya sau ɗaya ya ɗora ta bisa komai, alhali a X11 kowace manhaja ce take buɗe fayil ɗin hoton kibiyar da kanta, ta miƙa wa sabar X, wato manhajar da ke kula da allo da linzami, ta ce wannan za a nuna idan linzami ya shigo tagarta. Laburaren da ke wannan aiki shi ne Xcursor, wanda Keith Packard ya rubuta, ya kuma fito tare da XFree86 4.3 a shekarar 2003. Kafin zuwansa kibiyoyin X launi biyu kawai gare su, ana ɗauko su daga wani font na musamman, kuma har yau idan komai ya faskara can ake komawa.

Saboda haka kowace manhaja tana buƙatar amsar tambayoyi uku: mene ne sunan salon, wane girma, kuma a wace folda fayilolin suke. Fayil ɗin da ka gyara manhajojin da aka gina da GTK 3 kaɗai yake amsa wa. Shi i3 da sandarsa ba su san da zamansa ba, manhajar bidiyonka kuwa da alama da Qt, wani kayan gina manhajoji dabam da GTK, aka gina ta, ita ma ba ta karanta shi. Idan manhaja ba ta samu suna ba sai ta nemi salon da ake kira default, wanda galibi ba shi da hoto ko ɗaya, fayil guda ne mai suna index.theme da ke nuni zuwa wani salon, yawanci Adwaita. Baƙar kibiyar da kake gani ke nan.

Ka fara da abu biyu. A fayil ɗin ~/.Xresources ka rubuta Xcursor.theme: Bibata-Modern-Ice a layi ɗaya, da Xcursor.size: 32 a layi na biyu. Sannan ka ƙirƙiri ~/.icons/default/index.theme, ka sa [Icon Theme] a layin farko, da Inherits=Bibata-Modern-Ice a ƙarƙashinsa. Bayan haka ka fita daga zaman aikin ka sake shiga, domin manhajar da ta riga ta tashi ba ta komawa ta sake duba waɗannan bayanai. Umarnin xrdb -query zai nuna maka ko layukan sun isa sabar.

Habibu:
Na gode, Malam Nasiru. Na yi yadda ka ce, kuma xrdb -query ya nuna layukan biyu. Filin allo da sanda da manhajar bidiyo duk sun koma farar kibiya mai girma ɗaya. Burauza da allon shiga suna nan yadda suke. Na kuma lura cewa manhajar rarraba faifai, wadda ke tashi da ikon root, wato asusun mai cikakken iko a kan kwamfutar, ita ma baƙar take nunawa. Ina kuma son in fahimci dalilin ƙanƙancewar da take yi a dā, tun da yake ban taɓa rubuta ƙaramin girma a ko'ina ba.

Nasiru:
Ƙanƙancewar lissafi ce, Malam. Laburaren yana fara duba XCURSOR_SIZE, wani bayani da tsarin ke miƙa wa manhaja a lokacin tashinta, idan babu ya duba Xcursor.size, idan babu ya ɗauki Xft.dpi, wato yawan ɗigon allo a kowane inci, ya ninka da 16 ya raba da 72, idan wannan ma babu sai ya ɗauki gajeren gefen allo ya raba da 48. A allonka 1080 a raba da 48 ya ba da 22, kuma da yake kowane fayil ɗin kibiya yana ɗauke da hotuna masu girma dabam-dabam kamar 24, 32, 48 da 64, sai a zaɓi mafi kusa, wato 24. A saitinsa na asali laburaren ba ya miƙe hoto ko ya matse shi, mafi kusa kawai yake ɗauka, shi ya sa wani lokaci mutum zai sauya lambar daga 32 zuwa 36 ya ga babu abin da ya motsa.

Bashir:
Da izinin Malam Nasiru, ni ina ganin an ɗauki doguwar hanya. Akwai bayanan muhalli, wato irin bayanan nan da tsarin ke miƙa wa kowace manhaja a lokacin tashinta, kuma biyu daga cikinsu domin wannan aiki aka yi su. Malam Habibu ya buɗe /etc/environment ya rubuta XCURSOR_THEME=Bibata-Modern-Ice da XCURSOR_SIZE=32, ya sake kunna kwamfutar, a wuce wurin. Layi biyu a fayil ɗaya sun fi sauƙin tunawa a kan fayiloli uku a foldodi uku, kuma suna aiki a X11 da Wayland, sabon tsarin da ke maye gurbinsa, baki ɗaya, ba kamar .Xresources ba da ya tsaya a X11.

Nasiru:
Injiniya Bashir, shawararka tana aiki a wurare da yawa, ban musa ba, amma ba zan ba wa mai X11 ita a matsayin matakin farko ba. A laburaren Xcursor bayanan muhalli suna gaba da na xrdb, saboda haka ranar da Malam Habibu ya gaji da farar kibiya ya sauya suna a .Xresources, ko ya koma Xfce ya zaɓi wani salo a tagar saituna, wasu manhajoji za su bi sabon zaɓin wasu kuma su maƙale a tsohon, ya dawo inda ya faro, kuma a lokacin ya daɗe da mance cewa ya taɓa rubuta wani abu a /etc. Ga shi fayil ɗin na dukkan masu amfani da kwamfutar ne, ba nasa shi kaɗai ba. Sannan manhajar GTK da aka riga aka faɗa wa suna a saitunanta wannan sunan take bi, don haka layukanka biyu ba su rage yawan wuraren ba, sun ƙara na huɗu ne.

Mafi muhimmanci kuma, biyu daga cikin wurare ukun da suka rage masa, wato burauza da manhajar root, ba rashin suna ne ke damun su ba. Bayanan xrdb a jikin sabar X suke, kowace manhajar da ta haɗu da sabar tana iya karanta su, ko ta root ce ko ta Flatpak. Sunan ya isa gare su, fayilolin ne ba su gani.

Auwal:
Wannan batu na ƙarshe shi ne bakin zaren, kuma zan ɗan faɗaɗa shi ta ɓangaren Flatpak. Alamar ~ ba wuri ɗaya take nufi ga kowa ba. Ga manhajar da ta tashi da ikon root tana nufin /root, ga allon shiga tana nufin gidan wani asusu na musamman da manajan shiga ke aiki da shi, kuma babu ɗayansu da ke da foldar .icons mai ɗauke da Bibata. Manhajar Flatpak kuwa a killace take, ba ta ganin gidan mai kwamfuta sai abin da aka buɗe mata. Flatpak yana shigar mata da /usr/share/icons na kwamfutar a ƙarƙashin /run/host/share/icons, da ~/.local/share/icons a ƙarƙashin /run/host/user-share/icons, amma tsohuwar foldar ~/.icons ba ta cikin abin da yake shigarwa da kansa.

Don haka mafita mafi tsabta ga Malam Habibu, tun da kwamfutar tasa ce kuma yana da ikon root, ita ce ya kwashe foldar Bibata-Modern-Ice gaba ɗayanta ya mayar da ita /usr/share/icons, ya tabbatar kowa yana da izinin karanta ta. Wannan mataki ɗaya zai warware na root da na burauza. Wanda ba shi da ikon root sai ya sa ta a ~/.local/share/icons. A nan akwai tarko guda: tsofaffin fitowar laburaren ba su duba wannan folda, sai mutane su haɗa ta da ~/.icons ta hanyar mahaɗin ln -s, kuma da yawa suna juya alƙiblar. Ainihin fayilolin su zauna a ~/.local/share/icons, mahaɗin ya zauna a ~/.icons. Idan aka yi akasin haka, manhajar da ke killace za ta ga mahaɗin, ta bi shi, ta tarar yana nuni zuwa wurin da babu shi a duniyarta.

Idan bayan wannan wata manhaja ta ci gaba da taurin kai, umarnin flatpak override --user --env=XCURSOR_PATH=/run/host/user-share/icons:/run/host/share/icons zai faɗa mata inda za ta duba. Ba na son shawarar da ake yawan bayarwa ta buɗe wa manhajar gidan mutum duka saboda kibiya, domin an rushe shingen da aka gina Flatpak dominsa ke nan. Masu Snap kuma lamarinsu dabam ne, manhajojinsu suna samun salo ne daga wani kunshi mai suna gtk-common-themes ko wani kunshin salo da aka haɗa musu, kuma salon da ba ya ciki ba lallai ne su gan shi ba ko yana /usr/share/icons.

Nasiru:
Na yarda da Malam Auwal. Abin da ya rage shi ne allon shiga, wanda yake tashi kafin a karanta .Xresources na kowa, saboda haka salon default na kwamfutar duka yake bi, wato /usr/share/icons/default/index.theme. A dangin Debian kada a gyara wannan fayil da hannu, domin mahaɗi ne da tsarin update-alternatives ke kula da shi. Umarnin sudo update-alternatives --config x-cursor-theme zai jero salon da aka yi wa rajista. Wanda aka kwafa da hannu ba zai fito a jerin ba sai an yi masa rajista da zaɓin --install, ana nuni zuwa wani ƙaramin fayil mai layin Inherits da sunan salon. Masu LightDM da allon GTK suna iya rubuta cursor-theme-name a lightdm-gtk-greeter.conf, masu SDDM kuma CursorTheme a ƙarƙashin sashen [Theme].

A kula da sunan da ake rubutawa a duk waɗannan wurare. Sunan folda ake so, harafi da harafi, babba da ƙarami, ba sunan da tagar saituna ke nunawa ba. Salon KDE da kowa ke kira Breeze foldarsa breeze_cursors ce, kuma wanda ya rubuta Breeze ba za a ba shi saƙon kuskure ba, shiru kawai za a yi a koma default.

Rukayya:
Assalamu alaikum. Ina bibiyar wannan tattaunawa saboda ina kan Sway, manajan tagogi irin i3 amma na Wayland, kuma ina son in kare Injiniya Bashir a wani ɓangare, domin abin da Malam Nasiru ya faɗa gaskiya ne a X11 amma bai kamata mai karatu ya ɗauke shi ya kai Wayland ba. A Wayland babu rumbun xrdb da manhajoji za su leƙa. Manhajar da ba ta GTK ba, idan tana bin tsohuwar hanya, bayanan muhalli kawai take da su, idan babu su sai default. Saboda haka a can XCURSOR_THEME ba ƙari ba ne, shi ne ginshiƙi.

Sai dai ko a can ba na rubuta shi a /etc/environment. A fayil ɗin saitin Sway layin seat seat0 xcursor_theme, da sunan salon da girmansa, yana saita kibiyar da Sway ke zanawa da kansa, yana kuma gadar da bayanan biyu ga manhajojin da ya tayar bayan haka. Waɗanda D-Bus ko systemd, wato sassan tsarin da ke tayar da manhajoji ta bayan fage, ke tayarwa ba 'ya'yansa ba ne, ba su gaji komai daga gare shi ba, sai an tura musu da umarnin dbus-update-activation-environment --systemd XCURSOR_THEME XCURSOR_SIZE. Abin da ya fi ruɗa masu ƙaura daga X11 kuwa shi ne GTK 3, wanda a Wayland yake ɗaukar sunan kibiya daga gsettings, ba daga settings.ini ba. Mutum zai gyara fayil ɗin da ya saba gyarawa ya ga ko gezau. Abin da ake bukata shi ne gsettings set org.gnome.desktop.interface cursor-theme da sunan salon, sai kuma cursor-size da girman, ko da babu GNOME a kwamfutar.

Bashir:
Na gode, Malama. Amma bayanin naki ya ƙara tabbatar mini da ra'ayin da na daɗe da shi, cewa Wayland ya zo ya tarar da matsala ya ninka ta. An tsara sabon abu daga tushe, an san yadda X11 ya sha wahala a kan wannan, me ya hana tun ranar farko a ce kwamfozita, wanda shi ke haɗa tagogi yana zana allo, shi kaɗai zai riƙe kibiya? Yanzu mai Sway yana da layin seat, da gsettings, da bayanan D-Bus, da default, sannan ga manhajojin Xwayland, wato na X11 da ke gudana a cikin Wayland, da har yanzu ke bin ƙa'idojin X11. Mai Hyprland kuma an ƙara masa wani tsarin fayil na dabam mai suna hyprcursor da nasa bayanan muhallin. A Windows rajista ɗaya ce, a ƙarƙashin Control Panel\Cursors, manhaja ta ce tana son kibiyar jira, tsarin ya ba ta.

Rukayya:
Injiniya, kukanka yana da tushe, kuma masu tsara Wayland ɗin sun iso ga wannan matsaya, sai dai sun makara. A tsarin farko manhaja ce ke loda hoton, ta sa shi a wani ƙaramin shafi, ta miƙa wa kwamfozita, wato an gaji hanyar Xcursor ba tare da an gaji rumbun da ke daidaita suna ba. A shekarar 2023 aka shigar da ƙa'idar cursor-shape-v1 cikin wayland-protocols 1.32, wadda ta yi daidai da abin da kake nema: manhaja ba ta taɓa fayil, sunan siffa kawai take aikawa, kamar ta rubutu ko ta jira ko ta hannu, kwamfozita ya zana da salonsa da girmansa. KWin na Plasma 6 yana da ita, Sway ya samu daga 1.9, GNOME 48 da GTK 4.18 kuma sun shigo a 2025. Manhajar da ke bin wannan ƙa'ida ko a Flatpak take ba ruwanta da inda fayiloli suke, domin ba ita ke buɗe su ba.

Fa'idar ta fi bayyana a babban allo. Nawa 3840 sau 2160 ne, an ninka komai sau biyu. A tsohuwar hanya kowace manhaja ce za ta gane cewa kibiya mai girma 24 tana bukatar hoto mai 48, ta loda shi, ta kuma faɗa wa kwamfozita cewa ninki biyu ne. Wadda ta yi lissafin daidai kibiyarta za ta fito tas, wadda ta loda 24 kawai za a miƙe mata hoton ya yi dishi-dishi, wadda ta loda 48 ba ta ambaci ninkin ba kuma kibiyarta ta zama ƙatuwa. Idan salon ba shi da hoto mai 48 ɗin, ko manhaja mai lissafi daidai ba za ta tsira ba. Ina iya ganin duka ukun idan na ja linzami daga wannan gefen allo zuwa wancan. Abin da ba zan yi alƙawari ba shi ne cewa matsalar ta ƙare, domin tsofaffin manhajoji da duk abin da ke bi ta Xwayland suna nan a tsohuwar hanya.

Bashir:
To, in haka ne mun kusa haɗuwa. Na janye /etc/environment ga mai cikakken teburin aiki, domin Plasma yana ajiye zaɓinsa a kcminputrc ya kuma yaɗa shi zuwa saitunan GTK, GNOME ma yana yaɗa nasa, kuma mutum ya sa hannu a tsakiya rikita su zai yi. Amma ga mai haɗa teburinsa da hannu a Wayland ina nan a kan bakata cewa bayanan muhalli su ne farkon abin dubawa. Kuma a daina rubuta su a .bashrc, domin wannan fayil taminal ce kawai ke karanta shi, shi ya sa za ka ji mutum yana cewa manhajar tana nuna kibiya daidai idan ya tashe ta daga taminal, amma ba ta nunawa idan ya tashe ta daga jerin manhajoji. Wanda ke shakka ya nemo lambar manhajar da pgrep, ya karanta fayil ɗin environ da ke ƙarƙashin /proc da wannan lamba, zai ga ainihin abin da aka gadar mata.

Habibu:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na mayar da foldar /usr/share/icons, na yi mata rajista da update-alternatives na zaɓe ta. Burauza da manhajar faifai da allon shiga duk sun daidaita, ban ma bukaci umarnin override ba. Saura abu ɗaya mai ban mamaki. A wata tsohuwar manhajar zane kibiyar fara ce, amma idan na kai ta kan layin da ke raba ɓangarori biyu na tagar domin in ja shi, sai ta rikiɗe ta zama wata 'yar siririyar baƙar alama mai kaifin gefe, irin ta zamanin dā, ina matsawa kuma ta dawo fara. Wannan a cikin taga ɗaya ne, don haka ba na jin batun suna ko folda ne.

Nasiru:
Ka karanta alamar daidai, Malam Habibu, wannan ciwo ne na dabam. Ka leƙa foldar cursors da ke cikin salon da umarnin ls -l, za ka ga fayiloli na gaske kaɗan ne, sauran duk mahaɗai ne. Dalili shi ne siffa ɗaya tana da sunaye da yawa. Tsohon X yana kiran kibiya ta yau da kullum left_ptr, ta rubutu xterm, ta hannu hand2, ta jira watch. Sababbin manhajoji suna amfani da sunayen CSS, wato default, text, pointer da wait. Qt yana da nasa, irin su split_h da size_ver. Akwai ma wasu sunaye masu haruffa da lambobi 32 da ba su da ma'ana a ido, waɗanda aka samo daga lissafin hoton da tsofaffin manhajoji ke miƙawa. Mai yin salo dole ya tanadi mahaɗi ga kowane suna, kuma babu wanda ya cika su duka.

Idan manhaja ta nemi sunan da babu, laburaren yana bin layin Inherits na salon, sannan ya gwada default, idan duk babu sai a faɗa kan font ɗin nan na asali mai launi biyu. A dā default ɗinka Adwaita ne, yana iya cike wasu giɓin, yanzu kuwa default yana komawa ga Bibata ɗin kansa, don haka babu mai cikewa. Hanyar ganowa ita ce ka tashi manhajar da strace -f -e trace=openat, umarnin da ke nuna duk fayil ɗin da ta nemi buɗewa, ka tace sakamakon da grep cursors, ka kai linzamin kan layin. Za ka ga sunan da take nema yana maimaituwa a folda bayan folda da alamar ENOENT, mai nufin babu fayil ɗin. Sai ka shiga foldar cursors ka yi mahaɗi da wannan suna zuwa siffar da ta dace, wadda ga layi mai ja hagu da dama galibi sb_h_double_arrow ce ko col-resize.

Auwal:
Ƙarin bayani kaɗan a kan wannan. Maimakon a bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, ana iya sa Adwaita ko wani cikakken salo a layin Inherits na index.theme ɗin salon kansa, duk siffar da ta ɓace a aro ta daga can. Launin ba zai dace ba, amma ya fi alamar zamanin dā, kuma ga farin salo DMZ-White ya fi kusa. Abin da za a kiyaye shi ne kada a sa default a wannan layi alhali default yana nuni zuwa salon, domin an yi zobe ke nan. Kuma da yake Malam Habibu da hannu ya kwafi foldar, mahaɗan da ya ƙara za su zauna, amma wanda ya saka salonsa daga ma'ajiyar manhajoji gyaran da ya yi wa index.theme zai iya gogewa a sabuntawa ta gaba, gara ya ƙirƙiri ƙaramin salo nasa mai mahaɗan da suka ɓace, ya sa ya gaji babban.

Habibu:
Strace ya nuna sunan, ɗaya ne daga cikin dogayen nan masu haruffa 32, na yi masa mahaɗi zuwa sb_h_double_arrow, kuma layin ya koma fari bayan na rufe manhajar na sake buɗe ta. Wani wasan kwamfuta ne kaɗai ya rage mai tasa kibiyar, kuma strace bai nuna yana neman komai a foldar cursors ba.

Rukayya:
Wannan ba ya cikin abin da saiti ke gyarawa, Malam. Wasanni da yawa suna ɓoye kibiyar tsarin su zana tasu a cikin hoton wasan, ko su miƙa hoton da ke cikin fayilolinsu kai tsaye, kamar yadda shafin intanet ke iya sa nasa hoton ta CSS, ko tagar kwamfutar nesa ke nuna kibiyar can ɓangaren. Tun da strace bai ga ana buɗe fayil ɗin salo ba, babu sunan da za a gyara. Sai dai ka duba saitunan wasan kansa, wasu suna da zaɓin amfani da kibiyar tsarin a ɓangaren hoto ko na sarrafawa, kuma idan ka kunna shi zai koma neman left_ptr ko default kamar sauran manhajoji.